Odete da Layar Aro

Ƙarfe huɗu na asuba na ji ƙarar mai a kasko. Ɗakina a Toyohashi, nan Japan, ciki ɗaya ne da ɗan lungun girki, duk abin da aka yi a lungun kamar a kan filona ake yi. Na buɗe ido na ga yayata Odete tsaye cikin rigar sanyina, tana jefa fastel a mai ɗaya bayan ɗaya. Ta riga ta dafa shinkafa ta dunƙula, ta wanke kwanukan da na bari, ta goge tagar da ban taɓa gogewa ba tun da na kama ɗakin.

Na tuna mata yau Lahadi ce, kuma mun yi da ita sai shida za mu kama hanya.

"Kai ka ce shida," in ji ta. "Tashi, Auta."

Shekarata hamsin da biyar, gashina ya fi nata furfura, amma har yanzu Auta nake.

Odete ta girme ni da shekara takwas. A Londrina aka haife mu, can Barazil, kuma ita tana can har yau. Tun tana 'yar shekara sha huɗu take suyar fastel a kasuwar titi, irin kasuwar da ke ci yau a wannan unguwa, gobe a waccan. Fulawa ce ake murzawa falan-falan, a sa nama ko cuku, a naɗe, a jefa a mai. Bayan hannunta duk tabon mai ne, kamar an yayyafa mata waken suya. Ta yi aure, ta haifi uku, ta binne miji, duk ba ta rufe rumfa ba. Ban taɓa ganin ta ci abinci a zaune ba. Ko a coci, in an ce a zauna, za ka ga ta sami abin gyarawa a bayan benci.

Ni kuwa na zo Japan aikin shekara biyu, yau shekara ashirin da huɗu ke nan. Ƙarfe muke narkawa muna zubawa, kayan cikin mota. Sau uku na je gida. Da Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, Odete ce ta ɗauke ta ta kai ɗakinta. Shekara goma sha ɗaya tana juya ta, tana mata wanka, tana ba ta abinci a baki, sannan ta fita kasuwa kafin gari ya waye. Ni waya nake bugawa ran Lahadi. Ran da Inna ta rasu ina bakin tanderu. Kafin in cire safar hannu in ga saƙon, an riga an sa lokacin binnewa, kuma babu jirgin da zai kai ni a kan lokaci. Ban je ba.

Abin da ya kawo Odete Japan bai kai tafin hannun jariri ba. Laya ce. Inna tana 'yar shekara takwas aka sa su a jirgin ruwa zuwa gonakin kofi na Barazil. Kafin su bar ƙauyensu a duwatsun Gifu, nan Japan, kakarmu ta hau jinja, wurin bautar ƙauyen, ta karɓo mata laya, ta ɗinka mata 'yar jaka. Inna ta sha gaya mana layar jinja aro ce. Ana karɓa, ta tsare mutum shekara guda, a mayar a ƙona ta, a karɓi sabuwa. Kakarmu ta ɗauka shekara biyar za su yi su dawo. Layar ta haura shekara tamanin maƙale da fil a cikin rigar Inna. Jakar ta mutu sau da yawa, Inna tana sake mata wata a kan tsohuwar, ba ta taɓa buɗewa ba. Ta ƙarshen da ƙyallen labulen kicin aka yi ta, mai zanen lemo.

Kafin bakinta ya rufe gaba ɗaya, Inna ta ce wa Odete a mayar da ita inda aka karɓo, kuma hannun jininta ne zai ajiye.

Mu a Londrina abin da muka sani game da mutuwa shi ne kwana arba'in da tara. Mamaci yana nan kusa da gida har ranar, sannan a tara dangi, limamin addinin Buda ya zo ya yi karatu, mamaci ya kama hanyarsa. Odete ta ƙudura a ranta sai Inna ta ga an mayar da layar tun tana kusa. Ta rufe rumfa karo na farko a rayuwarta, ta hau jirgi karo na farko. Wannan Lahadin kwana arba'in da ɗaya ke nan. Talata za ta koma don ta shirya taron. Ni kuma Lahadin kaɗai nake da ita.

Tun da ta sauka take gwada gaisuwar jinja yadda Inna ta koya mata: a rusuna sau biyu, a tafa sau biyu, a sake rusunawa sau ɗaya. A gaban firij ɗina take yi, har maƙwabcina ya buga bango.

Biyar saura muka fita. Motata ƙarama ce, ba ta son hawa. Odete ta ɗora ledar abinci a cinya, ta sauke, ta sake ɗorawa. Duk bayan ɗan lokaci sai ta taɓa ƙirjinta inda ta maƙala layar. Ta ce tuƙina kamar na mai ɗauke da ƙwai. Da na ƙara wuta ta ce so nake in haɗa ta da Inna tun kafin arba'in da tara. Ta tambaye ni sunan kowane kogi, na ce ban sani ba. Ta ce shekara ashirin da huɗu, me na sani ke nan? Na ce na san hanyar kamfani.

Mun tsaya shan mai, na shiga shago in sayo kofi. Na fito na tarar tana goge gilashin motar wani da tsummana.

Da muka shiga duwatsu sai muka iske an tare hanya, ruwan makon jiya ya zubo da ƙasa ya rufe ta. Wani ma'aikaci mai jar sanda ya nuna mana zagaye, ya ce zai ƙara mana awa ɗaya da rabi. Odete ta fita ta leƙa ƙasar da ta zubo, ta dawo ta ce in da shebur biyu da mun wuce. Ba wasa take yi ba.

Sha ɗaya ta gota muka isa. Ƙauyen gida goma sha wani abu ne a gefen rafi, yawancinsu tagogi a rufe da katako. Ciyawa ta cinye gonakin shinkafa. Babu kare, babu yaro, sai ƙarar ruwa. Odete ta sauko tun ban gama tsayawa ba. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ta ce Inna ta ce akwai gada, daga gada kuma a bi hannun dama. Gadar tana nan. Bayanta matakalar dutse ta haura cikin dogayen itatuwa. Can wajen rabin hawan ƙofar take, ginshiƙi biyu na dutse da biyu a gicciye a sama, da igiyar ciyawa mai fararen takardu. Ta cikinta ana hango rufin jinja, ɗan ƙarami, bai fi rumfar Odete ba.

Wani tsoho yana shara a ƙarƙashin ƙofar. Gajere ne, baya ya lanƙwashe, ya ɗaura tawul a kai. Sunansa Hosoe, shekararsa tamanin da shida. Shi ke kula da wurin, don limamin jinja sau biyu kawai yake zuwa a shekara, yana da ƙauyuka da yawa a wuyansa.

Japanancin Odete na Inna ne, na tsofaffi, nawa kuma na kamfani. Ita ta yi magana. Da ta ce uwarmu 'yar gidan Nagase ce, tsohon ya jingine tsintsiya. Ya nuna wani fili a ƙetaren rafi da bishiyoyi suka cinye, ya ce har yau gonar Nagase suke ce masa, amma shi bai taɓa ganin ko mutum ɗaya mai sunan ba. Ya yi ta rusunawa, Odete tana rusunawa, har na gaji da kallo. Ta zare fil ta nuna masa layar. Ya kalli ƙyallen mai lemo, bai taɓa ba, ya ce akwai akwatin tsofaffin layu a gefen jinja, a watan Janairu ake ƙona su. Ya ce mu hau.

Da ta yi shiru a nan da an gama. Amma Odete in ta ji daɗi sai ta ba da labari. Ta sa ƙafa a matakala ta gaba tana gaya masa yadda ta yi sauri, yadda ta rufe rumfa, don uwar ta rasu kwana arba'in da ɗaya ke nan, tana so a gama kafin arba'in da tara.

Tsohon ya ɗauki tsintsiyarsa ya matsa tsakiyar ƙofar.

"Kwana nawa kika ce, yarinya?"

Ta maimaita. Ya dubi ƙasa, ya ja iska ta haƙora. Ya ce ya yi mana ta'aziyya, amma wanda ya rasa uwa ko uba ba ya wuce wannan ƙofa sai ya cika kwana hamsin. Mutuwa tana bin mutum kamar hayaƙi a riga, kuma mai wurin, abin bautar da ke ciki, ba ya so a kawo masa ita. Arba'in da tara na mutanen Buda ne, nan jinja ce.

Odete ta juyo ta kalle ni. Ban san wannan ba. Sau ɗaya a shekara kamfani yake kwasarmu zuwa jinja a yi roƙon kada tanderu ta ci kowa, ina tsayawa a baya in jira a gama. Ban taɓa tambayar komai ba.

Ta koma kan tsohon. Ta ce masa, Baba, kwana ɗaya da rabi ta yi a sama kafin ta zo nan, ƙafafunta har yanzu a kumbure suke. Ta ce layar ta jira shekara tamanin, mai wurin ba zai ƙi ta don kwana tara ba. Ta ce ita Katolika ce ma, dokar ba ta hau kanta ba. Tsohon ya ce to me ya kawo Katolika da layarsu?  Ya ce lokacin da matarsa ta rasu shi ma bai hau ba, kwana hamsin, kuma lokacin kaka ne, ganye ya rufe matakala har ba a ganin dutse. Yana kallo daga gada kullum. Ya ce da liman yana nan da ya yi mana tsarki mun shiga, amma shi mai shara ne kawai.

Sai ya miƙa hannu biyu ya ce ta ba shi, zai sa a akwatin yanzu a gabanta.

Ta miƙa. Layar ta kusa taɓa tafinsa ta janye. Ta ce Inna hannun jininta ta ce.

Daga nan ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ta sauka matakala goma ta hawo. Ta shiga cikin itatuwan gefe tana neman hanyar da za ta zagaye ƙofar, tsohon ya ce mata daga inda yake, ko ta zagaye gida ɗaya za ta shiga. Ta fito da ƙaya a siket. Ta tsaya daf da ginshiƙin tana auna nisan akwatin da ido, na san tunanin jifa take yi, don na ga ta jefa lemo ya sami ɓarawo a kasuwa daga nesa fiye da haka. Ta sauke hannu da kanta.

Na ja ta gefe na yi mata magana da harshenmu na Barazil. Na ce sha biyu ta kusa, tsohon zai sauka cin abinci. Minti biyu ne hawa da sauka, babu wanda zai gani.

"Da rana tsaka kakarka ta karɓo ta, a gaban mutane," in ji ta. "Kai kuma in mayar kamar na sato? Haka kuke aiki a kamfanin naku?"



Ta je ta karɓi tsintsiyar daga hannun tsohon. Bai so ba, amma ba a ja da Odete a kan tsintsiya. Ta tambaye shi ko ƙasan ƙofa ma haram ne a gare ta. Ya ce a'a, ƙasan ƙofa hanya ce ta kowa. Ta fara daga gindin ginshiƙan ta yi ƙasa. Ba shara kawai ba. Ta sa ni na ɗauko sukundireba a mota tana ƙwaƙule gansakuka daga tsakanin duwatsu. Ta ciro ciyawa da hannu. Ta ga kwatar gefen matakala ta toshe da laka, ta ce in cire riga in shiga. Na shiga. Tsohon ya zauna a kan dutse yana cewa ya isa, ya isa haka, ba wanda ya saurare shi.

Awa biyu muka yi.  Sau ɗaya na ɗago na ga ta tsaya da tsintsiya tana kallon rufin nan ta cikin ƙofa, leɓenta yana motsi. Da ta ga ina kallonta ta ce in kula da aikina.

Da muka kai gada ta buɗe leda. Ta ba tsohon fastel da ya riga ya huce. Ya juya shi, ya shinshina, ya gatsa da 'yan haƙoran da suka rage masa, ya ce mai ya yi yawa. Ta ce shekara arba'in da tara tana suya babu wanda ya taɓa faɗa mata haka. Ya ci uku. Ta ba shi ƙullin kofi da ta yi niyyar ajiyewa a gaban jinja, ta ce shi ne abin da ya raba gidan Nagase da wannan rafi, ya ɗanɗana ya ji ko ya cancanta. Ya karɓa da hannu biyu. Ita a tsaye ta ci nata.

Sannan ta tambaye shi, in an cika hamsin, ɗa namiji zai iya kawowa? Ya ce ɗa ɗa ne.

Na gane inda aka dosa. Na fara bayani. Na ce kwana hamsin Talata zai faɗa, kuma muna da aikin da ake jira, mutum biyu sun tafi ba a maye gurbinsu ba. Na ce hanyar ma ta gani, awa shida zuwa, awa shida dawowa. Na ce ko a bari sai hutun sabuwar shekara. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ta bar ni na gama.

"Shekara goma sha ɗaya ina juya ta a gado, Auta. Ban taɓa ce maka ka zo ba. Wannan yini ɗaya ne."

Tsohon bai ji harshenmu ba, amma ya sami abin kallo a cikin rafi.

A hanyar dawowa ba ta tambayi sunan kogi ko ɗaya ba. Ta ce dai Inna za ta tafi ba ta ga an mayar ba, kuma laifin bakinta ne. Na ce da ba ta faɗa ba ai da mun shiga da abin da ba a so. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta jefa ba. Can ta ce aƙalla Inna ta ga matakalar a share.

Na je. Ran Laraba, kwana hamsin da ɗaya, don Odete ta ce a ƙara ɗaya kada lissafin Barazil da na Japan su saɓa. Na gaya wa shugaban sashenmu ba zan zo ba, ban tsaya jin amsarsa ba. Tsohon yana bakin ƙofa, ya matsa gefe. Akwatin na katako ne, da layu biyar ko shida a ciki, sababbi masu zaren zinariya. Na sa ta Inna mai zanen lemo a tsakiyarsu. Kwatar da na haƙe tana gudu. Wannan ke nan, ba labarina nake bayarwa ba.

Ganina na ƙarshe da Odete ran Talatar da ta koma Barazil ne, a tashar motar da ke kai mutane filin jirgi. Na fito daga aiki na awa ɗaya, da kayan kamfani a jikina. Ta buɗe maɓallin rigata a gaban mutane, ta maƙala layar daga ciki da fil ɗin Inna, ta ja ta ga ta kama. Ta ce kada in kusanci wuta da ita. Na ce aikina ke nan, kusantar wuta. Ta ce to in tsaya nesa-nesa.

Sannan ta ce in gwada gaisuwar ta gani. Na ce Yaya, mutane suna kallo. Ta ce su kalla. Na rusuna sau biyu a gaban allon lokutan mota, na tafa. Ta ce tafin nan ko sauro ba zai kashe ba, in sake. Na sake. Ta danna mini ƙeya ta ce rusunawar ta ƙarshe ta fi haka zurfi.

Direba ya yi kira. Ta hau ba ta waiwayo ba. Kujerarta tana jikin taga, na tsaya daidai wurin ina jira ta zauna in ɗaga mata hannu. Motar ta tashi tana tsaye a tsakiya, ta juya mini baya, tana tura jakar wata mata cikin ma'ajin sama.